Makaman da Suka Fi Yaƙinsu Tsawon Rai

A watan Satumban 2017 hukumomin birnin Frankfurt na ƙasar Jamus suka umarci mutane kimanin 60,000 da su fice daga gidajensu, har da marasa lafiya da ke kwance a asibiti, saboda ma'aikatan gini sun tono wani bom da jirgin yaƙin Ingila ya jefa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya shekara 70 da ɗoriya a binne bai fashe ba. A arewacin Faransa da ƙasar Beljiyam kuwa, har yau manoma kan tono harsasan igwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya idan suna huɗa, su jera su a bakin gona domin sojojin da ke kwance bama-bamai su zo su kwashe. Littattafan tarihi sun ce yaƙin farko ya ƙare a 1918, na biyun kuma a 1945, amma a ganina waɗannan ranakun sa hannu a takarda ne kawai. Tun daga lokacin da yaƙi ya koma aikin masana'antu, abin da aka ƙera domin kisa yakan ci gaba da kisa bayan waɗanda suka tayar da husumar sun shirya, sun tsufa, sun mutu, kuma galibi yana faɗawa ne a kan mutanen da ba a taɓa shawartarsu ba.

Duk ɗalibin tarihi ya san cewa a ranar 28 ga Yunin 1914 wani matashi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon sarautar Ostiriya, Franz Ferdinand, a birnin Sarayebo. Sai dai kisan mutum ɗaya da matarsa bai isa ya jefa nahiya guda cikin wuta ba, da a ce ba a riga an tara abin da zai ci ba. Shekara da shekaru manyan ƙasashen Turai suna gasar mallakar ƙasashen wasu, Ingila da Jamus suna rige-rigen ƙera jiragen ruwa na yaƙi, kowa kuma ya ƙulla ƙawancen da ya wajabta masa shiga faɗan abokinsa ko da bai so ba. Janar-janar sun riga sun tsara yadda jiragen ƙasa za su kwashi miliyoyin sojoji zuwa bakin iyaka, tsarin da idan aka soma shi ba a iya tsayar da shi ba tare da an ba abokin gaba sarari ba. Yaƙi na biyu kuwa daga cikin sulhun na farko ya tsiro, domin yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗora wa Jamus diyya da wulaƙanci, karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙara wa talakawanta ƙunci, Hitila ya sami masu sauraro, Japan kuma tana neman man fetur da roba da ƙarfe a ƙasashen maƙwabtanta.

Abin da na lura da shi a nan shi ne, dalilin da ake shelanta wa jama'a da dalilin da ya sa shugabanni suka ɗaura ɗamara ba kasafai suke zama ɗaya ba. Amurka da Birtaniya sun shiga Iraƙi a 2003 da hujjar cewa Saddam Husaini yana ɓoye da makaman ƙare-dangi, aka rushe gwamnati, aka sallami sojojin ƙasar gaba ɗaya, ba a kuma sami makaman ba. Daga cikin wannan ɓaraguzan ne ƙungiyar IS ta fito, wadda yau wasu masu ɗauke da makamai a tafkin Chadi da Sahel suke yi wa mubaya'a.

Ta fuskar makamai, mutanen yankinmu sun ɗanɗani yaƙin masana'antu tun kafin Turawa su ɗanɗana wa junansu. Bindigar Maxim, wadda aka ƙera a 1884, tana zubo ɗaruruwan harsasai a minti guda. A Omdurman ta ƙasar Sudan, a watan Satumban 1898, rundunar janar ɗin Birtaniya, Kitchener, ta kashe mayaƙan Mahadiyya sama da 10,000 a rana ɗaya, alhali nata mamatan ba su kai 50 ba. Shekara biyar bayan nan irin wannan bindiga da igwa suka iso ƙasar Hausa, Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa masu yawa a Burmi a watan Yuli. Jarumin da ya hau doki da sulke da lifidi da mashi ya tarar da makamin da bai san jarumtaka ba, domin mai riƙe da shi ba ya buƙatar ganin fuskar wanda yake kashewa. Turawan da suka yi ta murna da wannan fifiko ba su yi tunanin ranar da ɓangarori biyu za su mallaki bindigar ba. Ranar ta zo a bakin kogin Somme na ƙasar Faransa, inda a 1 ga Yulin 1916 kaɗai sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, suna tafiya a jere zuwa ga waya mai ƙaya da bakin mashinga. Kafin nan, a 1915, Jamus ta saki iskar gas mai guba a kusa da Ypres, abokan gabarta kuma ba su ɓata lokaci ba suka rama da irinta.

Hausawa kan ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, to amma yaƙin duniya bai bar wa kowa wurin zama ya yi kallo ba. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin farko, Alhaji Grunshi ne na rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a ƙasar Togo a watan Agustan 1914. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora a Kamaru, inda 'yan tsirarun sojojin Jamus suka yi turjiya har Fabrairun 1916. Da aka ci Jamus, Ingila da Faransa suka raba Kamaru tsakaninsu, kuma wannan rabon ne ya kai ga ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 wadda ta sa Mubi da Ganye da Gembu suka zama yankunan Nijeriya. Iyakar da mutum yake tsallakawa yau ya ziyarci danginsa a Adamawa, da takardu da shingen jami'ai, tana da tushe a rikicin da aka soma a Sarayebo.

A yaƙi na biyu abin ya fi haka zurfi. An ɗebi dubban matasa, da yawansu daga Arewa, aka zuba su a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su dazuzzukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, su yaƙi Japanawa, suna ɗauke da kaya a ka a wuraren da mota ba ta shiga, Hausa kuma ita ce harshen bariki a tsakanin da yawansu. Shi ya sa har yau ake da barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya, sunayen da suka samo asali daga wancan fagen daga. Jiragen yaƙi kuma a akwatuna ake kawo su tashar jiragen ruwa ta Takoradi a Ghana, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartum da Masar. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka tilasta wa dubban talakawan Arewa barin gonakinsu zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da dama. Waɗanda suka dawo daga Bama sun dawo da ido a buɗe, sun ga cewa Bature ma yana jin tsoro kuma yana mutuwa. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe tsofaffin sojoji uku da suka fito neman haƙƙinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta 'yancin Ghana. Wannan na daga cikin 'yan abubuwan alheri da za a iya cewa yaƙin ya haifar, ko da yake ba domin haka aka yi shi ba.

Yaƙin ya rufe da makamin da ya fi kowanne. Bom ɗaya da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 ya kashe mutane kimanin 140,000 kafin ƙarshen wannan shekarar, na Nagasaki ya biyo baya bayan kwana uku, waɗanda suka tsira kuma suka yi ta fama da cutar daji tsawon rayuwarsu. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi aikin farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka tono shi. Da Faransa ta tashi gwada nata bom ɗin, ba ta gwada shi a ƙasarta ba, sai ta zo Reggane a hamadar Aljeriya ta fasa shi ranar 13 ga Fabrairun 1960, a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙurar Sahara ta sauke ta a kan garuruwanmu. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Ina ganin wannan mataki ya cancanci a riƙa tunawa da shi fiye da yadda ake yi, domin Nijeriya ƙasa ce da ta yi wata uku kacal da samun 'yanci ta tsaya ta ce a'a. Yau ƙasashe tara ne ke da makaman nukiliya, kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin ɗari kuma a hannun Amurka da Rasha suke.

Duk da haka, tun bayan Nagasaki ba a sake jefa wa wani birni bom ɗin nukiliya ba. Makamin da ya yi ta cin rayuka a shekarun da suka biyo baya ƙarami ne, mai araha, wanda Mikhail Kalashnikov ya tsara wa Tarayyar Sobiyet a 1947. Bindigar AK-47 ba ta da sassa masu yawa, ƙura da laka ba sa hana ta aiki, ana iya kwance ta a mayar ba tare da wasu kayan aiki ba, kwanson harsashinta yana ɗaukar guda 30, yaro ɗan shekara goma sha biyu kuma yana iya saɓa ta a kafaɗa. A zamanin yaƙin cacar baka, da yake Amurka da Tarayyar Sobiyet suna tsoron gwabzawa kai tsaye, sai suka mayar da Angola da Mozambik da Habasha da Somaliya da Afganistan fagen gwajin ƙarfi, kowa yana tura wa nasa yaran makamai. An ba ƙasashe da dama izinin ƙera ta, wasu kuma suka kwaikwaya ba da izini ba, har ana ƙiyasta cewa ita da 'yan'uwanta sun kai miliyan 100 a duniya. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, aƙidar da aka yi ta faɗa a kanta ta dusashe, amma bindigogin suna nan lafiya lau, domin bindigar da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce tana harbi yau idan aka shafa mata mai.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili a gare mu kamar Libiya. Gaddafi ya shafe shekara 40 yana sayen makamai da kuɗin fetur yana cika rumbuna da su. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare fararen hula, kuma ya kamata a faɗa cewa Nijeriya da Gabon da Afirka ta Kudu, waɗanda ke kwamitin a lokacin, duk sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Jiragen NATO suka yi ta ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, amma babu wanda ya ɗauki nauyin tsare rumbunan. Motocin a-kori-kura suka riƙa ketowa ta hamada da bindigogi da rokoki da manyan bindigogin da ake kafawa a bayan mota. Cikin Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kafin 'yan watanni Kidal da Gao da Timbuktu sun kuɓuce wa gwamnati, wutar kuma ta bazu zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar. Ba zan ɗora matsalar 'yan bindigar Zamfara da Katsina da Maraɗi kacokan a kan Libiya ba, domin rikicin gona da burtali, da zaluncin wasu alƙalai da masu unguwanni, da sakacin hukuma, da makaman da ake sacewa ko ake sayarwa daga ma'ajiyar jami'an tsaro, duk namu ne na gida. Amma rigimar da a dā ake yin ta da sanda da adda a kuma sasanta ta a fadar hakimi, idan AK-47 ta shiga cikinta, mutum goma a kan babura sun isa su tashi gari guda.

Sabon abin da wannan ƙarni ya kawo shi ne jirgi maras matuƙi, wanda ya ƙara nisan da ke tsakanin mai harbi da wanda ake harbi har ya kai dubban kilomita. Amurka ta gina wa irin waɗannan jirage sansani a Agadas, ta bar shi a 2024 bayan sojojin da suka karɓi mulki a Yamai sun nemi ta fice. Da farko manyan ƙasashe kaɗai ke da su, amma yanzu Turkiyya da Iran da Sin suna sayar da nasu da rahusa, a Yukiren kuma ana ɗaura bom a jikin ƙaramin jirgin da ake ɗaukar hoton biki da irinsa, a lalata tankar yaƙi ta miliyoyin daloli. Masu tallarsa suna cewa ba ya kuskure, sai dai wanda ke zaune a gaban allon kwamfuta taron mutane kawai yake gani daga sama, ba ya jin abin da suke faɗa. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin Nijeriya ya jefa bom a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa ta zaci 'yan bindiga ne.

Ƙasar da ta fi nuna yadda makami ke jiran wanda ba a haifa ba tukuna ita ce Laos. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba mata bama-bamai sama da tan miliyan 2, alhali ba a taɓa shelanta yaƙi da ita ba. Da yawa daga ciki irin waɗanda ke buɗewa a sama ne su watsa ƙananan bama-bamai masu girman lemo, kimanin miliyan 270, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba su fashe ba. Suna nan a gonakin shinkafa da gefen hanya da harabar makarantu, manomi ya sara da fartanya ya rasa hannu, yaro ya tsinta ya zaci abin wasa ne. Wanda ya san hanyoyin Borno da Diffa, inda direba ke bin sawun motar da ke gabansa saboda tsoron nakiyar da aka binne, ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da wannan ke yi wa noma da kasuwa da komawar 'yan gudun hijira gida.

Akwai kuma illar da ke zuwa ta hanyar kasuwa ba tare da ƙarar bindiga ba. Da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, ƙasashen biyu su ne ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya, Rasha kuma na cikin manyan masu sayar da takin zamani. Nijeriya kusan duk alkamarta daga waje take sayowa, don haka masu gidan burodi suka rage girman burodi suka ƙara masa kuɗi, manomin masara kuma ya rage buhunan takin da zai zuba. Sudan ta fi kusa da mu, ta kuma fi ciwo. Tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin Janar Burhan da Hemedti, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, ɗalibanmu da ke karatu a Khartum aka kwaso su da ƙyar ta iyakar Masar, Hausawan da kakanninsu suka yada zango a can a hanyar aikin Hajji kuma suna cikin waɗanda abin ya rutsa da su. El Geneina da El Fasher, garuruwan da jiragen Takoradi ke sauka shan mai, su ne yau ake ambata a labaran kisan kiyashi, mutanen El Geneina kuma suka yi ta tsallakawa da ƙafa zuwa Adre ta ƙasar Chadi. Sudan ba ta ƙera yawancin jirage marasa matuƙa da ake kai hari da su a can, daga waje ake kawo wa kowane ɓangare.

Cibiyar SIPRI da ke Stockholm, mai bincike kan makamai da zaman lafiya, ta ƙiyasta cewa a 2024 ƙasashen duniya sun kashe dala tiriliyan 2.7 a kan harkar soja, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin wannan shekarar. Tsakanin 2020 da 2024 Amurka kaɗai ke da sama da kashi 40 cikin ɗari na cinikin manyan makamai tsakanin ƙasashe, Faransa da Rasha da Sin suna biye, dukansu huɗun kuma masu kujerar dindindin ne a Kwamitin Sulhu, wato majalisar da aka ɗora wa alhakin hana yaƙi. An yi ƙoƙarin taka birki, kuma ba a banza ba. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ta haramta nakiyoyin da ake binne wa masu tafiya a ƙasa, ƙasashe sama da 160 suka shiga, aka lalata miliyoyin nakiyoyi, aka share filaye masu yawa, har Mozambik ta shelanta a 2015 cewa ta gama tsabtace ƙasarta daga waɗanda aka san inda suke. Amma Amurka da Rasha da Sin ba su taɓa shiga ba, a 2025 kuma Poland da Finland da Estoniya da Latbiya da Lituweniya suka soma ficewa daga yarjejeniyar, suna cewa suna buƙatar nakiyoyin domin tsare iyakokinsu daga Rasha.